Yadda nake shirya tayar da z/VM a cibiyar ko-ta-kwana

Gwajinmu na farko na tayar da z/VM, tsarin aikin manyan kwamfutocin IBM, a cibiyar da za mu koma in tamu ta lalace, kunya muka sha. Mun dawo da faya-fayai da DDR, manhajar kwafar faifai, CP, wato ƙashin bayan z/VM, ya tashi lafiya lau, na shiga MAINT, asusun mai kula da tsarin, na buga IPL CMS don tayar da CMS, inda mai amfani ke yin aikinsa, ya ce bai san zancen ba. Ashe faya-fayan SPOOL muka bari a baya, a zatonmu takardun jiran bugawa ne kawai a ciki. Alhali CMS ɗin da kowa ke kira da suna can yake zaune, shi da sauran sassan da ake amfani da su tare. Da IPL 190, wato tayar da CMS kai tsaye daga faifansa, na samu na kutsa, muka kwana muna sake gina su.

Don haka ka fara da SPOOL. Ko dai ka kwafe shi lokaci guda da faifan tsarin, an kashe injin ko ta FlashCopy, kwafin nan take na na'urar faifai, ko ka zube shi a tef da umarnin SPXTAPE. Kwafin SPOOL na Litinin ba ya zama da faifan tsarin na Laraba. Faya-fayan PAGE kuwa, inda tsarin ke ajiyar wucin gadi in ƙwaƙwalwa ta cika, kada ka ɓata tef a kansu. CPFMTXA, mai shirya sabon faifai, ya ishe su a can, muddin sunayen faya-fayan sun dace.

Sai ka buɗe SYSTEM CONFIG, fayil ɗin saitin tsarin, da USER DIRECT, kundin masu amfani, ka bi su layi-layi. Injin can lambarsa daban, saboda haka System_Identifier, layin da ke ba tsarin suna bisa lambar inji, ba zai gane shi ba sai ka ƙara masa layi tun yanzu. Duk inda aka rubuta adireshin na'ura ƙarara, kamar katin sadarwa na OSA da VSWITCH ke fita waje da shi, da layukan DEDICATE da Operator_Consoles, ka tambayi mutanen can nasu adireshin. Kada ka manta rumbun RACF, manhajar tsaro mai tantance masu shiga, in ba haka ba injin zai tashi ya kulle ka a waje.

Manya za su ce ba sa son rasa aikin ko daƙiƙa ɗaya. Ka nuna musu kuɗin tukuna. Dogaro da kwafin tef na kowane dare yana iya cinye aikin yini guda. Metro Mirror, mai rubuta bayanai a cibiyoyin biyu lokaci guda, ba ya rasa komai amma iyakarsa wajen kilomita 300. In ya fi haka nisa sai Global Mirror, mai tura kwafin da ɗan jinkiri.

Sa'ar da muka yi, z/VM na tashi a cikin z/VM, ba sai ka jira hutun ƙarshen mako ba kafin ka gwada. Ka buga matakan a takarda, ka miƙa wa ƙaramin ma'aikacin da bai rubuta su ba, ka zauna bayansa ka kama bakinka. Duk inda ya waiwayo, ka sa alama da biro.