Kurakuran da sabbin shiga lab ɗin haɗa magunguna suka ƙi bari

Duk shekara sabbin ɗalibai na shigowa lab da fararen riguna sabbi fil, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ake maimaitawa kamar an yi musu wasiyya. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya ji ya ji.

Na farko kuma wanda ya fi ƙona min rai shi ne kai sinadari gwaji ba a tabbatar da tsaftarsa ba. Mutum ya haɗa abu, ya ɗiga a farantin TLC, wato ɗan farantin da ruwan sinadari ke hawa ya rarrabe abubuwan da ke cikin haɗi ɗigo-ɗigo, ya ga ɗigo ɗaya, shikenan wai ya gama, ya kwashi hoda ya miƙa wa masu gwajin ƙwayoyin cuta. Ƙanina ɗigo ɗaya a TLC ba shaida ba ce, abu biyu na iya hawa tare su tsaya wuri guda. Akwai wani yaro da ya taɓa kawo mana wata hoda mai ɗan duhu-duhu, aka gwada aka ga tana kashe ƙwayar cuta sosai, murna ta cika lab har oga ya fara maganar rubuta takarda, ni kuma aka ɗora min aikin haɗa 'yan uwan sinadarin don a ga wanne ya fi ƙarfi. Watanni ina fama, ina zuba kolum, wato bututun gilashin da ake tace sinadari a ciki, ina ƙarar da hodar silikar da ake cika shi da ita da kuɗin da ba mu da shi, ko ɗaya bai yi aiki ba. Da aka sake haɗa na asalin aka wanke shi fes ya fito fari tas, sai aikin ya ɓace ɓat. Ashe ragowar ƙarfen faladiyam da aka yi haɗin da shi ne ya maƙale a ciki yake ta kashe ƙwayoyin, duhun nan da kowa ya gani ya kau da kai shi ne. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Manyan mujallun fannin nan sai tsafta ta kai kashi 95 cikin 100 suke karɓar sakamako, kuma ba don son wahalar da mutane suka sa haka ba. Ni dai tsarina, babu abin da zai bar teburina sai da NMR da HPLC, wato gwajin injin da ke nuna ko wane sinadari ne da wanda ke auna tsaftarsa, in kuma ya nuna yana aiki to sai an sake haɗa shi daga farko an sake gwadawa kafin in buɗe baki. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, su suka sani.

Na biyu ɗan uwan na farko ne, wato yarda da duk abin da ya nuna aiki a kwalbar gwaji. A 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway a Ostireliya suka fitar da jerin sinadaran da ake kira PAINS, masu ruɗar gwaji su nuna kamar suna maganin komai. Sinadarin da ke cikin kurkum na cikin irinsu, launinsa kaɗai na rikita injin da ke auna launi, ga shi baya daɗewa a ruwan gwaji yake wargajewa. Mu masu aiki da itatuwan gida abin ya fi shafarmu. Ka jiƙa bagaruwa ka zuba wa enzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a jiki, ka ga ya daina aiki, ka fito kana ihu ka gano magani. Haba malam! Tanin ɗin da ke cikinta ai kama furotin yake yi ko wane iri ne, da shi majema ke jima fata tun kaka da kakanni. Cire tanin tukuna ka sake gwadawa, in aikin na nan sai mu zauna mu yi magana.

Sai zafi. Don Allah ku daina ƙure wa ruwan rotabaf, injin da ke ƙafar da ruwan da aka narkar da sinadari a ciki, wuta don kuna sauri ku tafi gida. Tu Youyou ta ƙasar Sin da ta samu kyautar Nobel a 2015, abin da ya buɗe mata hanya a kan tazargade shi ne gane cewa tafasawa na lalata sinadarin, sai ta koma tatsa da eta, wani ruwan narkar da sinadarai mai tafasa a wajen digiri 35, a 1972 suka ware atimisinin da ake maganin maleriya da shi yanzu. Ni ruwan rotabaf ɗina baya wuce digiri 40 sai da dalili.

Littafin lab kuma, ku rubuta a lokacin da kuke yi, ba da dare a ɗaki daga ka ba. Haɗin da bai yi ba ma a rubuta, nawa aka zuba, wane launi ya koma, awa nawa ya yi, in an ɗauke wuta a tsakiya a rubuta ƙarfe nawa. Takardar tishu da bayan safar hannu ba littafi ba ne.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Fensir ake sa wa farantin TLC, biro tawadarsa hawa take tare da sinadarin. Rubutun alƙalamin maka (marker) a jikin kwalba asiton, ruwan wanke kwalabe, na taɓa shi ya goge, manna takarda. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba. Tsohuwar kwalbar eta da ba a san ranar buɗe ta ba kar ka ƙafar da ita, tana iya fashewa. DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, na ratsa fata ya shige da abin da aka narkar a ciki, in ya zuba a safar hannu canza ta nan take, kuma a daina latsa waya da safar a hannu.

Ƙa'idar Lipinski ta 1997 da ake hasashen ko sinadari zai yi kyau a matsayin magani da ita, wato nauyin ƙwayar sinadarin kar ya wuce 500 da sauransu, ba aya ba ce. Daga magungunan da ake haɗiya ta baki aka ciro ta, kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta da yawa da waɗanda aka samo daga tsirrai sun karya ta suna aiki lafiya lau, don haka kar wanda ya sake zuwa ya ce min ya zubar da sinadari don nauyinsa 520.