Matakan Tantance Tallar Gidan Haya ta Intanet a Accra

Da farko ka nemi dillalin ya turo maka adireshin GhanaPostGPS na gidan, wato lambar da ke nuna ainihin wurinsa a taswira, domin akan rubuta unguwar East Legon a talla alhali ɗakin yana can bayan Madina. Sai ka je da ƙafarka da rana, kuma kada ka tura kuɗin haya ta MoMo, wato ta wayar hannu, kafin idonka ya gani.

Idan ka shiga, ka buɗe hotunan tallar a wayarka kana gwada su da abin da ke gabanka. Ka murɗa famfo, ka tambaya ko mitar wutar lantarki ta kamfanin ECG ta ɗakin ce kaɗai ko ta haɗaka ce, sannan ka duƙa ka dubi gindin bango. A ganina nan ne ya fi cancantar natsuwa, saboda zanen danshi da fentin da ya kumbura suna nuna cewa ruwan watan Yuni yana shiga ɗakin, kuma mai talla ba ya ɗaukar hoton wurin.

Bayan haka ka tambayi maƙwabta wane ne mai gidan, ka gana da shi, ka ga Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidarsa na ƙasa. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata 6, kuma ofishin Rent Control mai kula da harkar haya ne ke sauraron irin wannan ƙorafi. Ranar biya ka karɓi rasit da rubutacciyar yarjejeniya mai sa hannunku duka biyu.