Yadda Za Ka Tattara Tarihin Ƙauyenku Na Masu Sana'a

Ƙauyenmu na gefen Zariya ne, kuma da rini da saƙa aka san shi. Yau karofin ya cike da shara. Da na tashi rubuta tarihinsa, ga hanyar da na bi.

Ka fara da gaida dagaci, ka faɗa masa abin da ke tafe da kai, ya haɗa ka da wanda zai raka ka. Ka riƙe goro. Dattijo ba ya sakin jiki da wanda ya faɗo masa da biro da takarda haka kawai.

Kada ka tambayi tsoho shekara, ba da ita yake lissafi ba. Ka ce, "Baba, lokacin wane Sarki ne?" In ya ce Ja'afaru, ka san tsakanin 1937 da 1959 ne. Aminu ya gaje shi har 1975, sai Shehu Idris. Canjin hannu na tuƙi 1972 ne, shigowar naira 1973. Da waɗannan na gano cewa marinarmu ta ƙarshe ta kai zamanin naira, domin wani marini ya tuna rigimar da aka yi a kan mayar da sule goma naira ɗaya.

In da hali, ka yi hirar a bakin karofin. Da muka tsaya can, dattijon da nake hira da shi ya durƙusa ya tone bakin wani rami da sandarsa, ƙasar ta fito shuɗiya, nan take ya shiga lissafo yadda ake haɗa ganyen baba da toka da katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini. A zaure bai faɗa mini ko ɗaya ba. Faratansa ma har yanzu da duhun baba.

Mata fa, kada ka tsallake su. Su suka yi kaɗi, su suka san kuɗin zare. Ni na yi sakaci, gwaggona ta rasu ban ɗauki muryarta ba, abin yana ci mini rai har yau.

Daga nan ka nemi takardu: ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Ka lura da 1911, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya, domin bayanta ne auduga ta fara bin hanyar fuloti, wato wurin awo da sayen auduga, maimakon masaƙa.

Duk hirar da ka naɗa a waya, ka kwafe ta a littafi a daren, da sunan unguwa da ranar.