Yadda Ake Haɗa Hummus Mai Laushi a Gida

Hummus abincin mutanen Labanon, Siriya da Falasɗinu ne, kuma da wani wake mai zagaye kamar gujjiya ake yin sa, wanda Larabawa ke kira hummus. Za ki same shi a manyan shagunan kayan abinci.

Ki jiƙa kofi 1 na waken ya kwana a ruwa. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗora shi a tukunya da sabon ruwa da 'yar kanwa kaɗan, kamar dai in za ki dafa wake. A nan laushin yake, don haka kada ki yi gaggawa. Ki bar shi kusan awa 1, har sai kin matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu ta narke. Ɓawon zai taso saman ruwa, ki kwashe shi da cokali. Da ɗan wahala, amma ni ba na tsallake wannan.

Ki soya riɗi sama-sama, kada ya ƙone don zai yi ɗaci, ki niƙa shi da ɗan mai ya zama kamar tunkuza mai ruwa. Rabin kofi ya isa. Ki zuba shi a blanda da ruwan lemon tsami 2, tafarnuwa ƙwaya 1 da gishiri, ki markaɗa. Sai ki sa waken tun da zafinsa, kina ɗiga ruwan ƙanƙara cokali-cokali har ya yi fari ya yi sumul.

Ki juye a faranti, ki yi rami a tsakiya da bayan cokali, ki zuba man zaitun, ki barbaɗa garin tattasai. A dangwala da gurasa mai ɗumi.