Darasi Na 9: Haɗa Na'urar Gano Hayaƙi A Bututun Iska Da Gwada Ta

Kafin mu shiga aiki, kowa ya karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, sannan ya rubuta su a littafinsa: ha-ya-ƙi, bu-tu-tu, fan-ka, ƙa-rar-ra-wa, ma-ga-na-ɗi-su.

A darasin da ya wuce mun ɗaura na'urar gano hayaƙi a silin ɗin ɗaki. Yau za mu hau can saman silin. Wanda ya taɓa shiga babban otal, ko banki, ko zauren taro a Birnin Kebbi, wataƙila ya ji sanyi yana sauko masa ta wata raga a sama, alhali bai ga esi a bango ba. Injin sanyin yana waje ko kan rufi. Wata babbar fanka ce ke tura iska cikin bututun kwano mai kusurwa huɗu, shi kuma ya rarraba ta ɗaki-ɗaki. Wani bututun yana janyo iskar ɗakunan ya mayar wa injin.

To, hanyar da sanyi ke bi, ita hayaƙi zai bi ranar da wuta ta tashi. Fanka ba ta tambaya, abin da ta samu shi za ta tura. Ranar 21 ga Nuwamba, 1980, gobara ta tashi a otal ɗin MGM Grand da ke Las Begas a Amurka. Daga wani ɗakin cin abinci a ƙasa ta fara. Mutum 85 suka rasu, kuma mafi yawansu suna benaye na sama inda harshen wutar bai kai ba. Hayaƙi ne ya bi matakala da ramin lifta da hanyoyin iska ya cim musu.

Aikin na'urarmu ta yau ke nan: ta ji hayaƙi a cikin bututu, ta kashe fanka, ta sa a rufe marfin cikin bututun da ake kira dampa in akwai shi, ta kuma sanar da akwatin ƙararrawa na ginin. Amma kada wani ya ce tunda an sa ta ba sai an sa ta silin ba. In fanka ba ta juyawa, kamar lokacin da aka ɗauke wuta, iska ba ta kai mata kome, don haka ba za ta ji kome ba. Kowace da aikinta.

Yadda take

Akwati ce ta roba mai marfi garai-garai, ana ɗaure ta a jikin bututun ta waje. Ƙananan bututu biyu suna fita daga bayanta su shiga cikin babban. Ɗaya dogo ne mai huji a jere kamar sarewa, don haka a wannan darasin sarewa za mu riƙa ce masa. Ɗayan gajere ne. Iska tana bugun hujin sarewar, ta shiga akwatin, ta ratsa ta kan idon na'urar, ta fita ta gajeren ta koma inda ta fito.

Idon kuwa, ku tuna da safiyar da hasken rana ya shigo ɗaki ta kafar taga, mai shara ta tayar da ƙura, sai ka ga hasken ya fito sarai kamar sanda. Cikin na'urar akwai ɗan ƙwai mai haske da kuma ɗan ido da aka kawar gefe, ba su fuskantar juna. In iska tsabtatacciya ce, idon ba ya ganin kome. Da hayaƙi ya shiga, sai ya warwatsa hasken, wani ya faɗa kan idon, na'ura ta tashi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar hunturu.

Inda ake kafa ta

Injiniya ne ke nuna wurin a zanen gini. Ƙa'idar Amurka mai suna NFPA 90A, wadda injiniyoyi da yawa ke dubawa, ta ce a sa ta a bututun da ke kai iska in injin yana tura fiye da lita 944 a daƙiƙa ɗaya. Ana kafa ta bayan matacin iska, kafin bututun ya fara rabuwa. Kai kuma mai ɗaurawa, nemi wurin da bututun ya miƙe sambal, nesa da kwana, domin a kwana iska jujjuyawa take yi. Ka kuma bar wurin da mutum zai sa tsani ya buɗe marfin. Na ga na'urar da aka rufe da silin ruf, babu ko ƙofar leƙawa. Wannan tun ranar da aka kafa ta aka binne ta.

Yanzu lissafi. Dole sarewa ta ratsa aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗin bututun. In faɗinsa santimita 60 ne, raba 60 gida uku, ka sami 20. Ɗauki kashi biyu, 40 ke nan. Kada sarewar ta gaza santimita 40. In tsawonta ya wuce santimita 90, sai an tallafe ɗaya kan don kada ta lanƙwashe. Bakinta na ƙarshe kuma dole a toshe shi da ɗan murfin da ya zo cikin kwali. Ɗan mitsitsi ne, saurin ɓacewa gare shi, kada ka ajiye shi a ƙasa.

Liƙa takardar awo da ta zo da na'urar a jikin kwanon, ka huda daidai inda ta nuna, ka share ɓurɓushin ƙarfe. Zura sarewa, hujinta na fuskantar inda iska ke fitowa. Ɗaure akwatin har robar bayanta ta manne, kada iska ta sami kafar zurarewa.

Haɗa waya

Kashe bireka tukuna, ka sa kwaɗo, makullin a aljihunka. A nan garin gini ɗaya yakan sha wuta ta hanya uku: ta Kaduna Electric, wadda har yau muke ce wa NEPA, da ta janareta, da ta sola. Kashe ɗaya bai kashe sauran ba. Gwada mitarka a soket mai wuta ka tabbatar tana aiki, sannan ka auna wayar da za ka taɓa. Wutar gida bolt 230 ce, ba ta san gwani ba.

Buɗe marfin, za ka ga sukurori a jere, kowane da rubutu. Nan karatun da muke yi zai biya ka. Haruffa uku nake so kowa ya gane ko cikin duhu: C, da NO, da NC. C ita ce uwar, da ita ake haɗa ɗayan biyun. Tsakanin C da NO hanya a buɗe take, wuta ba ta wucewa sai na'ura ta ji hayaƙi. Tsakanin C da NC hanya a haɗe take, wuta na wucewa har sai an ji hayaƙi, sannan ta yanke.

Irin da muka fi samu ita ce mai waya huɗu: biyu na ba ta wuta, biyu na kai labari. Wasu suna karɓar bolt 24, wasu suna karɓar wutar gida, wasu duka biyun amma a sukurori daban-daban. Karanta lambar kafin ka ɗaure. Wanda ya sa 230 a gurbin 24 ya ƙone ta nan take. Ni na fi son a ba ta bolt 24 daga akwatin ƙararrawa, saboda akwai batir a ciki, ba za ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa ba duk sa'ad da aka sauya zuwa janareta.

Wayoyin labari su tafi C da NO na ɓangaren ƙararrawa. Akwai wata 'yar razista da ke zuwa tare da akwatin ƙararrawa, mai zane-zanen launi, ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Wurinta na'urar ƙarshe a layin. Ta dalilinta ne akwatin ke sanin wayar tana nan lafiya, in ɓera ya ci ta sai fitilar matsala ta kama. Wasu masu gaggawa sukan ɗaure ta cikin akwatin ƙararrawar don fitilar ta yi shiru. Wannan ha'inci ne. Waya za ta tsinke a saman silin shekara guda ba wanda ya sani.

Kashe fanka kuma da rile na biyu ake yi, wato wani ɗan makunni na daban da ke cikin na'urar, ta C da NC nasa. Kada ka bi da babbar wutar fankar ta cikinsa, ba zai ɗauka ba. Nemo kontakta, wato babban makunnin fankar, a akwatin injin, ka yanke siririyar wayar da ke ba nadinta wuta, kai ɗaya a C, ɗayan a NC. Da na'ura ta tashi, nadin ya rasa wuta, kontakta ta saki, fanka ta tsaya. Wayar ƙararrawa ta bi nata fayif daban, kada a cusa ta tare da ta 230.

Gwaji

Ina yaron shago muka yi aiki a wani otal. Na ɗaura, na haɗa, na ɗora maganaɗisu a wurin da aka yi wa alama. Fitila ta yi ja, ƙararrawa ta ɗauka, fanka ta tsaya cik. Na sauko na ce, "Maigida, an gama."

Ya ce, "Mi kag gwada?"

Na ce, "Na sa maganaɗisu, kome ya yi."

Ya ce, "Waya kag gwada, yaro. Iska fa?"

Ya hau da kansa, ya sa aka tayar da fanka, ya jona ma'aunin iska. Lambar ta ƙi motsi daga kusa da sifili. Da ya zaro sarewar sai ga hujinta sun ba iska baya. Juya ta na yi wajen zurawa. A ƙarƙashin wannan bututun akwai ɗakunan kwana, mutane da iyalinsu za su kwanta suna ganin an tsare su. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Maganaɗisu, ko makullin gwaji da ake sawa a bango, waya da rile kawai suke gwadawa. Ba su nuna ko hayaƙi zai iya isowa. Saboda haka gwajin hawa-hawa ne. Fara da sanar da mai ginin da masu gadi, kada a firgita mutane ko a kira 'yan kwana-kwana a banza.

Sai awon iska, fanka tana juyawa. Ma'aunin sunansa manomita, yana da 'yan tiyo biyu. Na alamar tarawa ya shiga bakin sarewa, na alamar ɗebewa ya shiga bakin gajeren bututu. Lambar da ta fito ita ce bambancin ƙarfin iska tsakaninsu. Takardar na'urar za ta faɗi iyakar da ake so. A wasu da ake yawan amfani da su, daga 0.01 ne zuwa 1.11 a awon inci na ruwa. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima. A nan kam bai sani ba, sai an auna. In lambar ta gaza, duba fuskar hujin, duba murfin ƙarshe, duba robar baya.

Daga nan hayaƙi. Akwai na gwangwani da aka yi musamman don wannan, ana fesawa ta kafar gwaji kamar yadda takardar ta nuna, marfi a rufe. Kada ka ƙona takarda ko tsumma a bakin bututu, kada ka sa turaren wuta ko taba, maiƙonsu yana manne wa idon. Ka tsaya ka gani da idonka: fitilar na'ura ta yi ja ta zauna, akwatin ƙararrawa ya nuna wurin daidai, fanka ta tsaya, dampa ya rufe. Tura yaronka ya tsaya gaban injin, kada ka ce ai na ji ƙarar ta ragu. Bari hayaƙin ya washe, ka danna maɓallin mayarwa, ka ga fanka ta tashi. Daga ƙarshe kwance waya ɗaya ta layin labari. Fitilar matsala ta kama? To, razista tana wurinta. Mayar da wayar ka ɗaure.

Ƙa'idar NFPA 72, ta Amurka kan ƙararrawar gobara, ita ce a duba da ido duk wata shida, a yi cikakken gwaji sau ɗaya a shekara. Waɗanda suka rubuta ta ba su zauna Argungu ko Jega cikin watan Janairu ba, lokacin da hazo ke rufe rana, ka share tebur da safe kafin azahar ka rubuta sunanka a kai. Idon na'ura bai bambanta ƙura da hayaƙi ba. In ta taru, ko dai ta riƙa tayar da ƙararrawar ƙarya har mai gini ya gaji ya sa a cire waya, ko ta toshe hujin sarewa na'urar ta kurmance. Ni shawarata a buɗe ta da shigowar hunturu, a sake buɗewa da fitarsa. A zuƙe ƙurar da injin shara, a goge ragar da ke kare idon da buroshi mai laushi, a busa sarewar, a wanke ko a sauya matacin iska, sannan a maimaita awo da hayaƙi. Da damina kuma a duba raɓa a cikin marfin, in akwai ta to akwai kafar da iskar waje ke shiga.

Kowane gwaji a rubuta shi a littafin da ke ajiye kusa da akwatin ƙararrawa. Wani dattijo a ajinmu, shekara da shekaru yana jan waya, ya ce mini, "Malam, da can dangwale nake yi wani ya cike mini." Yanzu da hannunsa yake rubuta kwanan wata, da wurin na'urar, da lambar da manomita ta nuna, da ko fanka ta tsaya, ya sa hannu.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya ja layi a littafinsa ya yi waɗannan gidaje biyar. Ku lissafo kuma tsawon sarewar da ta dace da bututu mai faɗin santimita 120, ku faɗi ko tana bukatar tallafi. Zan zo da na'ura ɗaya da manomita, kowa zai kama da hannunsa. Mai sukudireba ya zo da abinsa.