Sabon zuwa, kada a yi safarar yaro da sunanka

'Yan'uwa da kuka iso ƙasar waje, sannunku da zuwa. Kafin hidimar neman ɗaki da aiki ta ɗauke muku hankali, ga wata magana da ba a cika faɗa wa baƙo ba.

Mai safarar yara yakan zo ne da harshenku da fara'arsa, yana neman alfarma. "Ka sa yarinyar nan a takardunka a matsayin 'yarka, karatu za ta yi." Ko kuma: "Ta ɗan zauna wurinki kwana biyu, akwai mai zuwa ɗaukarta." Don Allah kada ku yarda, ko da wanda ya roƙa ɗin kuna jin nauyinsa. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 2000, ta ce ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, ko jigilarsa, ko ɓoye shi, ko karɓarsa domin a ci da guminsa ko a yi lalata da shi, safara ce, ko ba a tilasta masa ba. "Ai da yardarta ta zo" ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ce mata da 'yan matan Najeriya da suka isa Italiya ta teku sun tashi daga 1,454 a 2014 zuwa 11,009 a 2016, ta kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na cikin haɗarin a jefa su karuwanci.

Ku sa ido. Yarinya ce ba ta zuwa makaranta, fasfonta na hannun wani, ka tambaye ta sunan unguwarsu sai ta kalli "anti" kafin ta buɗe baki. Ana ce mata akwai bashin kuɗin tafiya a kanta, bashin da kullum ƙaruwa yake. Wannan kallon na tsoro shi ya fi tsaya mini a rai.

Naku yaran ma ba su tsira ba, maza da mata. Ta waya ake shigo musu: hira a wasannin intanet, kyauta, sai a nemi hoton tsiraici, sai barazanar yaɗa shi. Ku gaya musu tun yau cewa in haka ta faru su zo gare ku, ba duka, ba zagi. Kada ku biya ko sisi, kada ku goge saƙonnin.

In kun ga alama, ba zancen sasantawa a cikin gida ba ne, kuma kada ku tunkari mutumin da kanku. A Birtaniya ku kira NSPCC, ƙungiyar kare yara daga cin zarafi, a 0808 800 5000. A Amurka, ku kira layin kai rahoton safarar mutane, 1-888-373-7888. A yawancin ƙasashen Turai yaro da kansa zai iya kiran 116 111 kyauta. Sannan a Ingila, in yaron da bai kai shekara 16 ba, wanda ba ɗan'uwanku na kusa ba, zai zauna wurinku kwana 28 ko fiye, doka ta wajabta ku sanar da ƙaramar hukumar yankinku.