Yadda Ɗalibin Zanen Gine-gine Zai Kammala Aiki Kafin Ranar Juri

Ko a Barnawa kake karatu, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tsarin ɗaya ne: za a ba ka aikin da zai ci makonni, sannan ka tsaya gaban malamai ka kare shi, abin da ɗalibai ke kira juri. Tsawon wa'adin ne yake yaudara, domin mutum yana ganin lokaci a gabansa, sai ya yi ta cewa gobe.

Ka fara lissafi daga ranar jurin, kana komowa baya. Idan mako shida aka ba ka, ka cire kwana biyu na ƙarshe don buga zane, saboda a wannan lokaci kowa yana layi a shagon da ke da injin buga babbar takardar zane ta A1, kuma ana iya ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. Ka cire wasu kwana biyar don haɗa samfurin ginin da kwali, ka ƙara kwana guda idan damina ce, tunda gam ba ya saurin bushewa a cikin laima. Abin da ya rage shi ne ainihin lokacinka, kuma za ka ga bai kai yadda ka zata ba.

Inda jan ƙafa ya fi ɓuya shi ne neman dabarar ginin. Ɗalibi yakan kwana yana kallon gine-ginen Turai a intanet, yana jin kamar aiki yake yi, alhali bai ja layi ko ɗaya ba. Ka je filin da za a yi ginin tun makon farko, ka lura da mafitar rana da mafaɗarta, da iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas, sannan ka zana siffa uku da fensir, ko da munana ne. Mummunan zane yana gyaruwa a hannun malami, amma babu abin da zai ce a kan farar takarda.

Daga nan ka tsayar da ranar da ba za ka sake canza tsarin ɗakuna ba, misali ƙarshen mako na uku. A ganina wannan ne mafi wuya, domin matsar da matakala ɗaya yana taɓa kowane bene da kowane zane na ma'aunin 1:100, wato wanda santimita ɗaya a takarda take wakiltar mita ɗaya a ginin. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ka ce a wannan aikin za ka koyi manhajar zane ta Revit idan manhajar AutoCAD ka saba da ita.

Kowane dare kafin ka kwanta, ka kwafe aikin a filas, ka rubuta zane ɗaya tak da za ka fara da shi bayan sallar asuba.